Ƙararrawar da Garzali Ya Wanke da Tsamiya

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Souq Waqif ta birnin Doha da hantsi ta lungun masu sayar da tsofaffin kaya ya san Garzali, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai tura baro, wanda murmushi yake yi masa wuya, mai ɗan guntun icce a aljihun gaba kamar aswaki. Ba aswaki ba ne. Da shi yake bugun ƙararrawa ya ji abin da ke cikinta. Larabawa da Indiyawan kasuwar suna ce masa Gazali. Su kuwa 'yan uwansa Kanawan Doha, Allah ya shirye su, shekara shida suka yi suna kiransa Mai Tsamiya, kuma ba don ƙauna ba.

Ɗan maƙeran fari ne daga cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Haruna, zubin tagulla ya gada, shi yake yi har yau: tasoshi, butoci, mundaye, kwanonin jere. Garzali ya fara jan zuga-zugi tun bai iya ɗaura wando ba, kuma kafin ya kai sha biyar yana gane narkakken ƙarfe ya isa zubi daga launin wutarsa kawai. A gidan nan akwai doka ɗaya da ba a takawa: tagulla ba ta ƙetare zaure da dauɗa. A jiƙa tsamiya, a tankaɗe toka, a samu tsumma, a dirje ta har mutum ya hango haƙoransa a jikinta. Tagulla mai kore-kore, a wurin Malam Haruna, shaida ce cewa mai ita ƙazami ne, kuma maƙerinta ba shi da kunya.

Sai roba da kwanon kanti suka cinye kasuwa. Amare suka daina son kayan nauyi. Maƙera ta koma sai a hura wuta sau biyu a mako, wani makon ma ko sau ɗaya. Ana cikin haka Muttaka ya zo hutu daga Doha.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan su Muttaka da gidan su Garzali. Uwar Muttaka, Inna Atine, ita ta goyi Garzali wata bakwai lokacin da mahaifiyarsa ta kwanta jinya. Muttaka ya girme shi da shekara takwas, ya yi boko, yana da Turanci mai santsi da turare mai tashi tun daga bakin layi. Manaja ne a shagon wani dattijon Balarabe, Abu Jasim, mai sayar da tsofaffin kayan ƙarfe. Muttaka ya ce suna neman mai kula da kaya wanda ya san tagulla, kuma wa ya fi ɗan Malam Haruna? Malam Haruna ya yi ta sa masa albarka har muryarsa ta dishe.

Mako biyu da saukar Garzali, wata Laraba da azahar, Muttaka ya ɗauki makullin motarsa ya tsaya a bakin shago.

"Gobe mai gida zai zo da baƙi," ya ce. "Komai na shagon nan ya yi ƙyalli. Komai na ce. Yalla, maza."

"An gama, Yaya Muttaka."

Garzali ya ji daɗi har cikin ransa, don yau aka zo gidansa. Ya je shagon wani Ba'indiye ya sayi tsamiya, ya roƙi tokar gawayi wurin masu gasa nama, ya naɗe hannun riga. Ya wanke butocin gahawa, ya wanke faranti, ya wanke fitilu. Sai idonsa ya kai kan wata 'yar ƙararrawa a cikin akwatin gilashi, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, da mariƙi mai fuska da ɗan kambi a samansa. Ta yi kore, ta yi baƙi, kamar an tsamo ta daga rijiya. Ya ce a ransa, kai, waɗannan mutane ba su da tsafta, abu a cikin gilashi amma an bar shi haka. Ya ciro ta ya tsoma. Ko wahala ba ta ba shi ba, koren ya bi ruwa ya tafi. Kafin la'asar tana walƙiya rawaya fes. Ya mayar da ita tsakiyar akwatin, ya ja da baya ya kalle ta, har ya so a ce Baba yana kusa.

Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa a wannan sana'a dauɗar ita ce dukiya. Ƙararrawar ta masu bin addinin Buddha ce, daga duwatsun Nepal, irin wadda malamansu ke kaɗawa a wurin ibada. Masu tara irin waɗannan kaya tsufan suke saye, kuma koren da baƙin su ne shaidar tsufan. Wanke ta daidai yake da yage takardar gida.

Da safe Muttaka ya shigo, ya ga ƙararrawar, ya tsaya cak. Garzali ya lura fuskarsa ba ta fushi ba ce da farko, ta tsoro ce, amma a lokacin bai san me zai yi da wannan lurar ba. Abu Jasim ya iso da baƙinsa, idonsa ya sauka a kanta. Nan take Muttaka ya rantse da Larabci cewa shi ƙura kawai ya ce a kaɗe. Wannan ƙaryar ma da sauƙi. Bayan baƙi sun tafi, ya fito da wayarsa, ya sa Garzali ya riƙe ƙararrawar a hannun dama, kwanon jiƙaƙƙiyar tsamiya a hagu, ya sassauta murya kamar mai tausayi.

"Yi mini bayani in nuna wa mai gida, ko ya sassauta. Wa ya koya maka haka?"

Shi kuma bawan Allah ya buɗe baki ya ce, "A gidanmu haka ake yi. Babana ne ya koya mini, Malam Haruna Maƙeri."

Mai gida bai taɓa ganin wannan bidiyo ba. Zauren Kanawan Doha na waya aka tura shi, da rubutu a ƙasa: ga wanda ya wanke ƙararrawa mai shekara ɗari uku da tsamiya, in kuna da tsohuwar kaka ku kawo ya mayar muku da ita budurwa. Kafin Juma'a ya isa Kano. Abu Jasim dai bai yi faɗa ba, ya ce khalas, magana ta ƙare, tunda shi ne kafil ɗinsa, wanda ya tsaya masa a takardar zama, ba zai mayar da shi gida ba, amma kada ya ƙara taɓa komai a cikin shago. Aka ba shi baro, ya koma ɗaukar kaya daga sito zuwa motocin masu saye.

Baron bai ƙona masa rai ba. Dako aiki ne. Abin da ya ƙona shi daga bakin ƙanwarsa Bilkisu ya fito. Shekara arba'in Malam Haruna yana zama a majalisar ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, shi ake tambaya in an yi gardama a kan azurfa ko zinariyar wata. Bayan bidiyon, samari suka riƙa kunna shi a gefensa. Wani marar mutunci ya jingine masa tsohon keke a gaba ya ajiye ƙullin tsamiya a kan sirdi. Malam Haruna ya tashi ya naɗe buzunsa ya shiga gida, kuma bai ƙara fita majalisa ba. Daga masallaci sai maƙera, daga maƙera sai ɗaki. Bai taɓa yi wa Garzali maganar a waya ba, ko sau ɗaya. Sai dai ya tambayi lafiya, ya tambayi zafi, ya ce a riƙe salla. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

A ɗakin da suke kwana su shida a unguwar Al Asmakh, Garzali ya zauna bakin gadonsa na ƙasa ya yi wa kansa alkawari biyu. Baba zai koma majalisa da kansa a sama. Muttaka kuma zai ɗanɗani abin da ya ɗanɗana masa, a gaban mutanen nan dai, ta cikin wayar nan dai. Bai san ta yaya ba. Ya dai san ba zai bar Doha ba sai ya yi. Ya tsani Muttaka, tsana mai nauyi, har in ya ji ƙamshin turarensa a lungu abinci yake fita masa a rai.

An jefa wankakkiyar ƙararrawar cikin kwandon tarkace a sito, don ba ta da sauran mai saye. Ya roƙa aka bar masa. Wata takwas tana ƙarƙashin gadonsa, yana fito da ita ya kalla idan ya ji zuciyarsa za ta yi sanyi.

A bayan sito akwai wata taga da ake sayar da shayin karak mai madara. Mai shayin wani gajeren dattijo ne ɗan Nepal, sunansa Dorje, kuma da guntun Larabci da guntun Turanci da nuni da hannu suke magana. Wata rana wani ɗan yawon buɗe ido ya wuce yana kaɗa ƙararrawar da ya saya, Dorje ya yamutsa fuska kamar an taka masa ƙafa. Garzali ya tambaye shi. Ashe ubansa da kakansa masu zubin ƙararrawa ne, shi ma a bakin wuta ya tashi, rashin kasuwa ne ya kawo shi tagar shayi. Maƙera biyu, ɗaya da baro ɗaya da buta. Washegari Garzali ya kawo masa tasa a cikin tsumma.

Dorje ya rataye ta a yatsa, ya ɗan buge ta da cokalin shayi. Ta ce kwal, ta mutu. Ya juya ta ya leƙa ciki, ya shafa gefenta da babban yatsa, sai ya fara dariya har da tari.

"Shekara ɗari uku?" ya ce. "Wayata ta girme ta."

Ya nuna masa. Ga layin da ɓangare biyu na mazubi suka haɗu, an goge da inji amma bai ɓace ba. Tsofaffin da kakin zuma ake fasalta su, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin a zuba ƙarfe, don haka ba su da layi, kuma ba a samun biyu iri ɗaya. Garzali ya san wannan, haka Baba yake zubin mundaye. Ga ƙarfen kansa, rawaya, na famfo da makullin ƙofa, ba jan ƙarfe da kuza ba. Ga cikinta sumul, ba inda harshe, ɗan ƙarfen da ke lilo a ciki, ya ci. Koren kuwa na ruwan tsami da gishiri ne, na mako biyu, shi ya sa ya bi ruwa ba gardama. Dorje ya ƙara da abin da Garzali bai so ji ba: da ta gaske ce, da ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, don haka kada ya ɗauka shi mai gaskiya ne gaba ɗaya. Garzali ya haɗiye wannan.

Amma yanzu ya gane tsoron da ya gani a fuskar Muttaka. Muttaka ne ya kawo wa Abu Jasim ƙararrawar a matsayin tsohuwa, alhali ya san inda aka zuba ta. Tsamiya ta tsiraita ta. Da wani mai ido ya ɗaga ta a ranar, da asirin Muttaka ne ya tonu. Sai ya yi sauri ya ɗora wa ɗan maƙwabcinsa kayan, ya haɗa da tsohon da ya sa masa albarka, don kowa ya kalli kwanon tsamiya kada a kalli ƙarfen.

Dorje ya ce su je su gaya wa Abu Jasim. Garzali ya ƙi. Wa zai yarda da mai baro da mai shayi a kan mai kwat da littattafai masu hotuna? Ko da ya yarda ma, a ofis za a kashe maganar, a rufe ƙofa, a sallami Muttaka da mutuncinsa. Shi ba a ofis aka ci masa mutunci ba.

Sai ya zauna ya koya. Duk lokacin hutun azahar, idan zafi ya kori mutane daga kasuwa, yana gindin tagar Dorje. Ya koyi cewa tsohuwar ƙararrawa in an buge ta amonta ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana lilo, ya yi ƙasa ya dawo, har mutum ya ja numfashi uku bai mutu ba. Ya koyi zagaya bakinta da icce a hankali har ta fara kuka da kanta. Ya koyi neman wurare biyu a ciki inda harshe ya yi shekaru yana duka har ya yi ɗan rami mai santsi. Ya koyi cewa hannun mai ibada wuri ɗaya yake cinyewa a mariƙi, hanci da kumatun fuskar nan su shafe, amma bayan kunne ya zauna da kaifinsa, shi kuwa mai jabu da sanfefa yake bi ko'ina daidai. Ya koyi shinshina baƙin da ke cikin zane, ya bambance hayaƙin fitilar man shanu da man goge takalmi. Wani abokin ɗakinsa ya ce masa shi dai bai ga abin da ya haɗa musulmi da ƙararrawar masu gumaka ba. Garzali ya ce shi ba ya yi mata sujada, ƙarfe yake saurare, kuma ƙarfe duk na Allah ne.

A shekara ta uku masu shaguna suka fara kiransa a ɓoye. In dillali ya kawo kaya, sai a ce a kira mai baro ya ɗauke wani kwali, ya shigo, ya ɗan buga, ya gyaɗa kai ko ya girgiza, ya fita da kwalin da babu komai a ciki. Bai taɓa kuskure ba sai sau ɗaya, kuma shi ya koma ya faɗa da bakinsa. Abu Jasim ya ji labari ya ce ya dawo cikin shago. Garzali ya ce a'a, baron ya ishe shi. Mai baro ba a ganinsa, kuma yana so Muttaka ya ci gaba da rashin ganinsa.

Muttaka kuwa ya yi gaba. Ya bar Abu Jasim, ya buɗe nasa wurin a Lusail, sabon birnin da ke gefen Doha, gilashi tun daga ƙasa har sama. Ya zama mai yanka rago a taron Kanawa, mai zama a sahun gaba ranar Salla. In sun haɗu a masallacin Juma'a sai ya ɗaga murya ya ce, "A'a, Mai Tsamiya, ana nan ana wanki?" Garzali ya rusuna ya ce, "Ana nan, Yaya Muttaka." Shekara shida yana wannan rusunawar, kuma kowace ɗaya ya ajiye ta.

Ranar ta zo ta hannun wata mata. Injiniya Kausar 'yar Zariya ce, tana aiki da kamfanin da ke ƙawata wani sabon otal a Lusail. Suna son tsofaffin ƙararrawa goma sha biyu da za a jera a zauren baƙi, kuma Muttaka ya ce yana da su, da takardunsu. Ita mace ce mai son ta taɓa abu kafin ta sa hannu. Ta bi kasuwa tana tambayar wanda ya san kayan, shago uku suka nuna mata mutum ɗaya. Ta same shi yana ɗaure kwali a baro.

"Malam Garzali, an ce kunnenka ba ya ƙarya. Za ka raka ni ka duba mini wasu kaya?"

"Na wa ne, ranki ya daɗe?"

Ta faɗi sunan. Garzali ya ci gaba da ɗaurin igiyarsa. Ya tambayi ranar. Ta ce Asabar da ƙarfe sha ɗaya, kuma mai kayan ya gayyaci manyan 'yan uwa su shaida sa hannu, har da walima. Wallahi da Garzali ne ya tsara abin da kansa, bai isa ya tsara shi haka ba.

Ranar Asabar ya sa farar shaddarsa ta Salla, ya saka abu a jaka, ya nemi Gafaru, wani direba da suke ɗaki ɗaya, ya ce masa aikinsa ɗaya ne: ya riƙe waya, kada ya sauke ko me ya faru.

Mutum kusan ashirin ne a wurin, likitoci, injiniyoyi, shugabannin zaure, da yawansu waɗanda suka tura bidiyon nan gaba da fuskokin dariya. Ƙararrawa goma sha biyu a jere kan jan ƙyalle, kowace da fitilarta. Muttaka ya ga wanda ya biyo Injiniya, ya ɗan yi turus, sai ya saki dariya.

"Injiniya, kin san wanda kika ɗauko kuwa? Mai Tsamiya ne fa. A ɓoye ruwa, jama'a."

Aka yi dariya. Garzali ya bari ta lafa. Ya gaida kowa, ya ciro iccensa, ya ɗaga ta farko ya buga. Kwal. Ya ajiye. Ta biyu, kwal. Haka ya bi su har ya kai ta takwas, kuma a lokacin babu mai tauna ko dabino. Ya ɗaga ta tara, wata 'yar ƙarama da aka tura ƙarshen haske, mai tsaga a mariƙi. Ya buga. Amon ya tashi ya cika ɗakin, ya yi lilo, ya yi ƙasa ya dawo, mutane suna kallon juna yana nan bai mutu ba. Ko wanda bai taɓa ganin maƙera ba ya ji bambancin. Ya buga ukun da suka rage, su ma kwal.

"Wannan ita kaɗai ce tsohuwa," ya ce wa Injiniya Kausar. "Ta haura shekara ɗari da hamsin, kuma ita ɗaya ta fi sauran sha ɗayan daraja in an haɗa su. Duba takardarsa, ranki ya daɗe, ita ya sa wa kuɗi mafi ƙanƙanta. Ko ta gasken da ta faɗo hannunsa bai gane ta ba."

Sannan ya bi sha ɗayan ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya sa ta shafa layin mazubi da yatsarta. Ya haska mata cikinsu ta ga ba inda harshe ya ci. Ya ari farin hankicin wani likita ya murza cikin zane, ya miƙa masa ya ce ya shinshina. Likitan ya shinshina ya ce, a hankali, man takalmi ne. Muttaka ya fara Turanci, yana maganar takardu da dillalansa na Kathmandu, babban birnin Nepal. Babu wanda ya juya.

Sai Garzali ya buɗe jaka ya fito da wankakkiyar. Rawaya fes, don duk Juma'a yana goge ta. Ya ajiye ta kusa da ta huɗu. A jikin kowace akwai zoben ganyen fure, kuma a dukkan biyun ganye ɗaya ya gutsure a wuri ɗaya, gefe ɗaya. Ta bakwai ma haka.

"Mazubi ɗaya ya haife su," ya ce. "Wannan ita ce mai shekara ɗari ukun da kuka yi dariya a kanta. Ranar da na wanke ta ba ta kai shekara biyu ba, kuma wanda ya ɗauke ni a waya ya sani." Ya juya ya fuskanci wayar Gafaru. "Sunana Garzali. Babana ne ya koya mini ƙarfe, Malam Haruna Maƙeri."

Injiniya Kausar ta rufe fayil ɗinta ta sa a jaka. Muttaka ya matso, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa duk da sanyin na'ura, ya kama hannun Garzali da hannu biyu, ya yi ƙasa da murya.

"Garzali, don Allah. Cinikin ya mutu, ya isa. Kada ya je gida. Ka tuna Inna."

Ya tuna ta. Ya tuna zanen goyonta mai ɗigo-ɗigo, da ƙosan da take ajiye masa a ƙarƙashin faifai. Ya karɓi wayar daga hannun Gafaru, ya tura wa zauren Kanawan Doha, ya tura wa Bilkisu, ya tura wa samarin unguwa uku da ya san ba sa riƙe abu. Yana yi yana kallon idon Muttaka. Daɗin da ya ji a lokacin bai taɓa jin irinsa ba, kuma ba zai yi wa kowa ƙaryar cewa bai ji ba.

Kwana biyu waya ba ta huta ba. Waɗanda suka kira shi Mai Tsamiya suka koma Malam Garzali, ba kunya ba tsoron Allah. Wurin Muttaka bai buɗe ba ranar Lahadi, bai buɗe ba ranar Litinin. Garzali bai kira gida ba, ya bari labarin ya gama zaga unguwa. Ranar Talata ya daidaita lokaci, ya bari sai da aka idar da la'asar a Kano, ya jingine baro a bakin sito ya kira. So yake ya ji hayaniyar dattawa a bayan muryar Baba.

Abin da ya ji kukan akuyar gidansu ne, da ƙarar famfon tsakar gida.

Suka gaisa. Baba ya tambayi lafiya, ya tambayi zafi. Garzali ya kasa haƙuri.

"Baba, ka gani?"

"Na gani. Ka san ƙarfe, babu shakka. Ta taran nan, wanda ya zuba ta ya san wuta."

"To ba ka fita ba? Na ɗauka zan same ka a ƙofar mai unguwa."



"Sun aiko sau biyu," in ji tsohon. "Sun ce in fito, an ajiye mini wurina, a zo a kalla tare. Jiya da safe Atine ta shigo. Ba ta zauna ba. Turmin uwarka da ta ara tun kana goye ta kawo, ta ajiye a tsakar gida, ta ce an gode, ta fita. Yara suna binta a layi suna kaɗa gwangwani."

"Shi ya fara, Baba."

"Shi ya fara. Ban ce ka yi ƙarya ba." Ya yi tari. "Wancan karon da ni ake dariya a wurin, ban iya zama ba. Yanzu da Atine ake yi, kuma ɗana ne ya kawo abin dariyar. In je in zauna a ce mini barka? Ba zan je ba, Garzali. Na gama da majalisa."



"Kai dai ka huce?" Baba ya tambaya.

Ya duba cikin ransa da gaske, don bai saba yi wa tsohon ƙarya ba. Ya nemi nadama bai samu ba. Da za a mayar da shi ɗakin gilashin nan, Muttaka riƙe da hannunsa, da ya sake turawa.

"Na huce, Baba."

"To, madalla. Ɗaya daga cikinmu ya samu. A riƙe salla."

Wayar ta yanke. Garzali ya daɗe tsaye da ita a hannu a bakin sito, har wani mai shago ya leƙo ya ce akwai kaya da za a kai mota.